Hajiya Mai Dogon Wuya

Talata, 2 ga Safar, bayan la'asar

Bismillahi. Wannan littafi nawa ne, ni Mas'udu. Na tsince shi cikin kayan da mutanen gidan Malam Jabiru suka bari ran da suka tashi zuwa Funtuwa. Da ajami nake rubutawa, don 'yan bokon gidanmu ba su iya bi, Malam da ke karantar da mu kuwa idonshi ya yi rauni. Wanda ya karanta ba da yardata ba, Allah ya haɗa wandonshi da ƙarara.

Yau sati shida da gama ramin da muka zagaye gari da shi saboda mutanen can na daji. Zurfinshi ya kawo mani ƙirji. Gide kuwa in ya shiga sai dai ka ga hula tana yawo ita kaɗai. Gide taubashina ne, ɗan Goggo Fatsuma ƙanwar Babanmu. Allah ya ba shi ƙarfin sa biyu, ya hana shi shakka. Duk abin da ka faɗa mashi sai ya buɗe ido ya ce "Allah?" Ni kuma ban taɓa amsa mashi da Allah ba, na yi karatu, na san nauyin rantsuwa. Sai in ce "kai dai," shi ke nan ya yarda.

Baba Ishaya ne shugaban rami, don ya yi gadi shekara goma sha ɗaya a Funtuwa, ya fi kowa sanin yadda ake zama ido biyu. Yau ya ce kowa ya kawo makaminshi gindin tsamiya a gani. Ni na raɗa masu suna, tunda ba wanda ya yanka masu rago.

Bindigar toka ta Baba Ishaya: Sai-Ta-Ga-Dama. Ka ja kunama yau, ta amsa gobe.

Gorar Baba Mani maƙeri mai ƙusa goma a kai: Likita. Allura goma a zuwa ɗaya, ba yankan kati.

Lauje da aka ɗaure a bakin doguwar sanda: Sannu-Da-Zuwa.

Sarƙar babur a kan ƙota. Wannan ban ba ta suna ba, ta riga ta rubuta nata a goshin mai ita.

Majajjawa bakwai. Taɓarya ɗaya, wadda Iya Asibi ta aiko ta ce a mayar mata kafin lokacin daka.

Baba Ishaya ya daɗe yana kallon kayan. Ya ce to, Allah shi ne mai tsaro. Na ce Baba, ai da alama shi kaɗai ne. Aka yi dariya. Shi bai yi ba.

Alhamis, 4 ga Safar, da yamma

Makami biyu sun ƙaru, mutum huɗu sun kwanta.

Na farko injin feshin ciyawa ne da muka cika da ruwan barkono da toka. Gide ya goya, ya hau bakin rami yana turo ƙirji. Na ce mashi ƙa'idar sojoji ita ce ka fuskanci inda iska ke fitowa. Ya ce Allah? Na ce kai dai. Sunan wannan Atishawa.

Na biyu dabarar mai gari ce: amya biyu cike da zuma a rataye bisa mashigar gabas, da igiya, in an zo a ja su faɗo. Sojan Sama. Sai dai ba wanda ya tsaya ya yi wa zumar bayanin wane ne namu wane ne nasu. Akuya ta ja igiyar ɗaya. Mai gari yau ba ya amsa gaisuwa, leɓenshi ya sauko har haɓa.

Da azahar na je na sauke wa Gide. Tun muna yara haka muke: wanda ya ɗora wa ɗan uwanshi ƙarya, shi zai je ya cire mashi hula ya ce, "Sauke kaya, jaki, an iso." Sai a yi kokawa, a ci tuwo. Kakarmu, Allah ya jiƙanta, ita ta kafa mana doka cewa wasan taubasai ba ya wuce kwana uku a kan mutum, in ya wuce ya zama zalunci. Ni ban taɓa ɗaukar kaya ba. Kullum Gide ne jakin. Yau da jan idonshi ya kayar da ni sau biyu, Goggo tana cewa ƙara mashi.

An ji babura can wajen dutse. Ba su iso ba.

Asabar, 6 ga Safar, bayan azahar

Na yi abin da za a daɗe ana faɗi.

Bututun famfon tuƙa-tuƙa da ya mutu bara yana yashe bayan makaranta, tsawonshi ya fi ni. Na shafe shi da baƙin mai da baƙin tukunya, na ɗora kan tsohon baro, na ɗaure da waya. Na liƙa mashi madubin babur a gefe, da hannun injin niƙa a gindi. Na tura cikin rami, kwanar yamma inda ba a zama, na rufe da tampol.

Sannan na jawo Gide. Na ce wani soja ɗan uwan Baba Ishaya ya kawo ta a ɓoye cikin buhunan taki. Na ce harsashinta ɗaya in ya tashi daga nan sai ya raba dutsen can biyu. Sunanta Hajiya, don daga ƙasar Larabawa ta zo, kuma ba a taɓa ta sai da alwala. Ya tambayi madubin, na ce na kallon masu gudu ne ta baya. Gide ya tuɓe takalmi cikin taɓo. Ya tsugunna ya ce, "Hajiya, ina wuni." Sai da na cusa bakin rigata a baki.

Da muka fito ya riƙe mani hannu, idonshi har da ruwa. Ya ce, "Ɗan kawu, ashe za mu yi girbi bana."

Na ce kada ya faɗa wa kowa. Na san abin da wannan ke nufi a wurin Gide.

Lahadi, 7 ga Safar, la'asar

Ya yi mata rumfa da zana don kada ruwa ya taɓa ta. Ya share gabanta. Gobe zan sauke mashi.

Talata, 9 ga Safar, da hantsi

Kwana uku sun cika. Na je da niyya, na tarar yana goge mata wuya da rigarshi yana yi mata hira. Abin ya yi daɗi da yawa. Gobe.

Asabar, 13 ga Safar, bayan azahar

Gide ya ci kasuwar Yankara. Mai shayi ɗaya kawai ya faɗa wa, in ji shi. Yanzu a Ruwan Godiya an ce bakinta biyu. A Mairuwa an ce jirgin sama ya sauke mana ita.

Baba Ishaya ya jawo ni da kunne har kwanar yamma, ya ce in nuna mashi kayan ɗan uwanshi soja. Ya ɗaga tampol. Ya yi dariya har ya zauna cikin taɓo. Rabon da in ga haƙorinshi tun kafin shuka. Da ya nutsu ya ce tun da labarin nan ya fita ba a ƙara jin babur kusa ba, ashe tsoro ma makami ne, ya fi Sai-Ta-Ga-Dama biyayya. Ya ce a bar ta a rufe. Amma in faɗa wa ɗan uwana gaskiya, kada ya je yana bugun ƙirji gaban waɗanda bai sani ba.

Na ce Baba, in na faɗa mashi yau, jibi duk Yankara ta ji. Ya ce to, kai ka san shi.

Gobe ko jibi.

Lahadi, 14 ga Safar, azahar

Gide ya fita fadama yankan ciyawa da sassafe. Jakinshi ya dawo.

Lahadi, bayan la'asar

Mun bi sawu har rafi. Lauje, da takalmi ƙafa ɗaya. Sawun taya uku.

Litinin, 15 ga Safar, da hantsi

Ruwa tun asuba. Rami ya kawo gwiwa. Muna tsaye ciki da Likita da Sannu-Da-Zuwa kamar zalɓe a fadama, kwaɗi na bi ta tsakanin ƙafafunmu. Albarushin Baba Ishaya ya jiƙe. Ba wanda ya ce Mas'udu ba mu labari.

Wayar Gide tana shiga, ba a ɗauka.

Talata, 16 ga Safar, bayan azahar

Sun kira Baba Ishaya da wayar Gide. Sai an hau tudun bayan gari ake samun magana, don haka rabin gari na kan tudun. Kowa ya kasa kunne ya ji abin da aka saba ji.

Ba shi suka ce ba. Suka ce a kawo Hajiya da harsasanta, a ɗauki gajeren. Da sunanta suka kira ta.

Na yi dariya. Allah ya sani ban so ba, fitowa ta yi kamar amai. Kowa ya juyo.

Laraba, 17 ga Safar, da hantsi

Na turo ta har ƙofar mai gari na yaye tampol gaban kowa. Wani ya gane hannun injin niƙanshi. Ba wanda ya yi dariya. Babanmu bai dake ni ba. Da ma ya daka. Baba Ishaya ya miƙe ya ce laifin biyu ne, shi ya ce a bar ta. Aka ƙyale shi da maganarshi, ni ake kallo.

Goggo Fatsuma ta zo. Ta zagaya baron sau ɗaya. Ta dangwala yatsa a bututun, ta kalli baƙin.

Ta ce, "Wanga ne?"

Na ce shi ne.

"Ka sauke mashi?"

Dokar uwarta ce, ta fi ni saninta.

"Kwana nawa?"

Na ce sha ɗaya. Ta goge yatsan a zanenta ta tafi.

Laraba, bayan la'asar

Mun hau tudu, ni da Baba Ishaya da mai gari. Baba Ishaya ya faɗa masu gaskiya tun daga tushe: bututun famfo ne, wasan yara ne, in suna so su aiko wanda suka yarda da shi ya gani. Mutumin da ke kan wayar ya yi dariya, ya ce a kawo gajeren.

Na ji muryar Gide. Ta dishe. Suka ce mutanenka sun ce bututu ne. Ya ce shi da idonshi ya gan ta, a kawo Alƙur'ani ya dafa. Ya ce, "Mas'udu ya nuna mani. Ɗan kawuna ne. Yana mani wasa, amma ba da irin wanga ba."

Mutumin ya ce to, ko kai ko su, wani na ƙarya, za mu gane.

Sai aka ji abin da aka ji. Baba Ishaya ya danne wayar da tafin hannu, amma ihun Gide na fitowa ta tsakanin yatsu. Na fizge na ce Gide, sauke, sauke kaya. An riga an kashe.

Juma'a, 19 ga Safar, bayan masallaci

Liman ya yi alƙunutu. Mutanen can sun ba da wa'adi zuwa Laraba.

Goggo ta aiko fura bakin rami kamar kullum, ƙwarya ɗaya, ludayi biyu. Ban sani ba ko mantuwa ce. Na ba 'yan majajjawa suka sha.

Shafa'atu matar Gide, wadda ba ta taɓa wuce ni ba tare da ta ce ga ɓeran gidan kawu ba, yau ta rusuna ta ce mani ina wuni.

Asabar, 20 ga Safar, azahar

Baba Mani ya kawo shawara. Ya ce tunda an kai gaskiya kasuwa ba ta samu mai saye ba, sai a mayar da ƙaryar gaskiya. Zai toshe gindin bututun, ya huda mashi hanci, a ɗura albarushi da guntayen ƙarfe. Ba sai ta yi yaƙi ba, ta dai yi tari sau ɗaya a gabansu.

Mai gari ya ce wato mu ƙera bindiga da hannunmu mu kai masu su harbe mu da ita. Baba Mani ya ce duk wanda ya harba wannan abu sau biyu, danginshi su tanadi likkafani. Aka yi ta ja har rana ta karkata. Ba wanda ke da wata dabara, don haka wannan ta ci.

Ni ke kan zugazugi. Baba Mani kalma ɗaya yake ce mani: zuga.

Lahadi, 21 ga Safar, la'asar

Zuga. Tafin hannuna ya yi bororo ya fashe. Na so ya fi haka zafi.

Sati ɗaya yau. Jakinshi ba ya cin dusa sai an tsaya a kanshi.

Litinin, 22 ga Safar, bayan la'asar

An gwada.

Aka kafa ta cikin rami, baki sama, aka ja doguwar igiya mai kananzir, kowa ya laɓe bayan tsamiya. Baba Mani ya zuba rabin awo. Ya tsaya ya kalle ta, ya ce don Gide, ya ƙara rabi.

Ban san yadda ake rubuta wannan ƙarar da ajami ba. Ƙasa ta motsa. Amyar da ta rage ta faɗo, Sojan Sama suka fito aiki, wannan karon ma mu suka samu. Tayar baro an same ta kan rufin masallaci. Kajin gari har yanzu ba su gama dawowa ba. Baba Mani ana mashi magana ta hagu yana juyawa dama.

Hajiya ta tsage daga wuya har ciki, ta buɗe kamar furen kabewa.

Da a ce wata biyu da suka wuce ne, wannan ya ishe ni labari har sallah. Mun tsaya kewaye da ita, fuska a kumbure. Da muna da ƙaryar da za mu kai. Yanzu ita ma babu.

Talata, 23 ga Safar, da hantsi

Su suka fara kira. Sun ji. Har can sun ji.

Mutumin ya ce bututun famfo ke wannan ƙarar? Ya ce maƙaryata, tsofaffin banza. Na ga Baba Ishaya ya rufe ido, leɓenshi na motsi da irin addu'arsu ta Kirista. Da ya buɗe sai ya ce gaskiya ne, mun ɓoye, a yafe mana. Ya ce yara ne suka so gwada ta kafin a rabu, ba su iya ta ba, ta fashe da harsashin da ya rage.

Mutumin ya ce a kawo gawar Hajiya su gani. Kuma wanda ya nuna wa gajeren, shi zai kawo. Da sauran abin da suka ce a haɗo. Ba zan rubuta ba. San noman Goggo dai ba ya turke.

Da muna saukowa Baba Ishaya ya ce zai raka ni. Ya ce daga yanzu in na kuskura na faɗi gaskiya na kashe ɗan uwana. Ya ce, "Abin da ka iya, shi za ka yi."

Laraba, 24 ga Safar, bayan asuba

Yau Larabgana. Kowace shekara Malam na cewa Larabar ƙarshen Safar ba ranar tafiya ba ce. Ya yi rubutun sha na gari duka, ni ya ba ni kashi biyu, bai ce komai game da tafiya ba.

Baro ba taya, don haka a kan jakin Gide muka ɗaure ta.

Wanda ya samu littafin nan, na janye addu'ar ƙarara. In Gide ya dawo ban dawo ba, ya je ya cire mashi hula, ya ce mashi an iso. Zai gane.

Alhamis, 25 ga Safar, azahar

Na dawo.

Ba zan rubuta hanya ba, ba zan rubuta wurin ba. Da muka isa wani ya nuna jakin da bakin bindiga ya ce in sauke kaya. Na kwance igiya na sauke.

Nasu makaman ba wanda ya raɗa masu suna. Ba su buƙata.

Babbansu bai girme ni da yawa ba. Ya zagaya gawar, ya shinshina bakinta. Madubin ya tsage amma bai faɗi ba, ya duƙa ya gyara rawaninshi a ciki. Ya ce na mi ne? Na ce na kallon masu gudu ta baya. Ya gyaɗa kai. Daga nan bakina ya kama aiki shi kaɗai. Na faɗi yadda aka kawo ta cikin taki. Na faɗi sojan, har da tabon da ke kuncinshi, na kashe shi a wani yaƙi mai nisa don kada a neme shi. Na faɗi mutum nawa ke juya hannun. Na yi kukan asararta, kukan kuma ba sai da na nemo shi ba. Ban taɓa yin ƙarya mai kyau irin ta jiya ba, ba kuma wanda zai yi dariya a ƙarshenta.

Ya ce in rantse. Na rantse cewa wannan ita ce Hajiya, kuma ba mu da wata. Ita kaɗai ce gaskiyar da na faɗa a wurin.

Ba su nuna mana Gide ba. Suka ce mu tafi, za su duba.

A hanya Baba Ishaya ya zauna gindin wata kanya ya daɗe. Ya ce, "Ka iya." Ba yabo ba ne.

Juma'a, 26 ga Safar, la'asar

Shiru.

Asabar, 27 ga Safar, da hantsi

Shiru. Ruwa. Na kwashe ruwan kwanar yamma da ƙwarya ni kaɗai, ya sake cika. Rumfar da ya yi mata na nan.

Lahadi, 28 ga Safar, azahar

Masu ciyawa sun samu Gide zaune bakin rafi. Da ƙafarshi ya shigo gari. Alhamdu lillahi. Alhamdu lillahi.

Hannun dama a naɗe da tsumma. Mai magani ya kwance, ya sake naɗewa, ya ce lauje dai sai ya koya da hagu.

Mai gari ya bi gida gida ya ce kada wanda ya ɗaga mashi maganar bututu sai ya yi ƙarfi. Ban shiga ba. Na tsaya bayan danga ina jin shi yana tambaya ina ɗan kawu.

Talata, 1 ga watan Maulidi, bayan la'asar

Goggo ta aiko a kira ni. Na tarar da ita bakin ɗaki tana tankaɗe. Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Shiga. Kai ka ɗora, kai ka san yadda za ka yi."

Yana kwance kan tabarma, hula a kai. Ya rame har kunnuwanshi sun yi girma. Da ya gan ni ya ce an faɗa mashi ni na kai gawar Hajiya, kuma wai na jiƙa wando a hanya. Na ce ruwan sama ne. Ya ce ran nan ba a yi ruwa ba, shi ma yana waje. Ya yi dariya, ta tsaya mashi a haƙarƙari.

Sannan ya ba ni labari, ban tambaya ba. Ya ce kullum sai sun ce mashi mutanenka sun ce bututu ne, shi kuma ya ce a ranshi daidai ne, ɓoye ta suke, haka ya kamata. Suka tambaye shi inda ake ajiye ta. Ya ɗaga hannun mai tsumma ya ce sau biyu suka tambaya da gaske. Ya ce, "Kwanar yamma na bakina, ɗan kawu, ban faɗa ba." Ya ce ran da ta yi ƙara yana ɗaure jikin itace, ya ji ƙasa ta motsa ƙarƙashinshi, ya ga suna faɗuwa ƙasa da bindigoginsu. Ya ce masu kun ji, Hajiya na gaishe ku. Daga ranar suka daina ce mashi mahaukaci. Ɗaya ma ya ba shi shayi.

Ya kalli hannun. Sai ya ce, "Mas'udu."

Bai taɓa kirana haka ba sai gaban baƙi.

Ya ce akwai ranar da ya daɗe yana tunanin madubin nan. Ya ce ya yi kama da na tsohon babur ɗin kawu, har da jan zaren da ke wuyanshi. Ya ce ya kori tunanin, shaiɗan ne. Bai kalle ni ba.

"Ta gaske ce ko?"

Hularshi na nan kusa da hannuna, ko miƙewa ba sai na yi ba. A waje na ji tankaɗen Goggo ya tsaya.

Na ce ta gaske ce.

Ya juyo. Ya ce, "Allah?"

"Kai dai" ta zo mani har kan harshe. Ya san ta. Shekara ashirin yana jin ta, kuma yau na ga a idonshi ita yake tsoro.

Na ce, "Allah."

Ya sauke numfashi, ya rufe ido. Ya ce ai ya sani. Ya ce in ya warke mu je mu ɗebe rumfar, zanar Goggo ce. A waje tankaɗe ya ci gaba.

Ban je wurin Malam tambayar kaffara ba. Na karanta babin, irin wannan rantsuwa ba ta da ita.

Baba Ishaya ya aiko wai an kawo sabon makami bakin rami, in zo in raɗa suna. Na tambayi ɗan aiken mi ne ne, ya ce galma ce aka wasa. Na ce a kira ta galma.

Kakarmu ta ce kwana uku. Yau ashirin da huɗu, kuma ba gobe.

Da na fito daga gidan Goggo jakin na ɗaure a ƙofa yana cin dusarshi, bayanshi ba komai. Na daɗe ina kallonshi.